Attenborough: Yadda Sunan Ƙauye Guda Ya Zama Sunan Zuri'a a Ingila



 

Batunmu na yau suna ne guda ɗaya daga ƙasar Ingila, wato Attenborough. Da yawa daga cikinmu mun san muryar Sir David Attenborough a shirye-shiryen namun daji na BBC, wasu kuma sun kalli fim ɗin Gandhi na 1982 wanda wansa Richard ya shirya. Sai dai shahararsu ba ita ce ta tara mu ba. Sunan da suka gada shi za mu bi: daga ina ya fito, masu amsa shi sun kai nawa, kuma ina da ina ya bazu a cikin shekaru kusan 700. Abin da nake so mu tashi da shi shi ne, sunan da masu shi ba su da yawa ya fi riƙe tarihi fiye da sunan da ya cika gari. Ƙarancinsa shi ne amfaninsa ga mai bincike.

Lokacin da mutanen Ingila ba su da sunan gado

Kafin 1066, mutumin Ingila sunan yanka kawai yake da shi. In an yi masa laƙabi, ranar da aka binne shi tare da laƙabin ake binnewa, ɗansa ba ya gadonsa. A wannan shekara ce William mai mulkin Normandy ya tsallako daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa. Su ne suka fara liƙa wa kansu sunayen gandayensu, domin duk mai ƙasa yana son a san wanda zai gaje ta. Littafin Domesday na 1086, wanda aka rubuta don sarki ya san abin da kowa ya mallaka, yana ɗauke da irin waɗannan sunaye na farko.

Daga fada al'adar ta gangaro zuwa ga attajirai, daga nan ta kai ga manoma da masu sana'a. Zuwa wajen 1350 yawancin gidajen kudanci da tsakiyar Ingila suna da sunan da ɗa ke gada daga uba. Arewacin ƙasar ya ɗan yi jinkiri har zuwa wajen 1400 da bayanta. A Wales kuwa an daɗe ana cewa wane ɗan wane, sai tsakanin ƙarni na 16 da na 19 sunayen suka tsaya. Shi ya sa har yau Jones da Williams da Davies da Evans suka mamaye can, don daga 'yan sunayen yanka kaɗan aka ciro su.

Sunayen Ingila daga rijiya huɗu aka ɗebo su. Akwai na sana'a, kamar Smith maƙeri da Taylor maɗinki. Akwai na uba, kamar Johnson ɗan John. Akwai na siffa, kamar Long dogo da Brown mai duhun fata ko gashi. Sai kuma na wuri, kuma a nan Attenborough ya faɗo.

Ku lura da bambancin da ke tsakanin rijiyar farko da ta ƙarshe. Babu ƙauyen da ba shi da maƙeri, saboda haka sunan Smith ya tsiro a ɗaruruwan wurare, a gidajen da ko kusa ba su haɗa jini ba. A ƙidayar 1881 masu wannan suna sun haura 400,000 a Birtaniya. In mutum ya ce maka shi Smith ne, bai gaya maka komai game da asalinsa ba. Amma ƙauyen Attenborough guda ɗaya ne, kuma masu amsa sunansa ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba. Duk inda ka ji sunan, yatsa wuri guda yake nunawa.

Ƙauyen da ya ba da sunan

Attenborough yana lardin Nottinghamshire, kimanin mil biyar kudu maso yamma da tsakiyar birnin Nottingham, a gefen kogin Trent, dab da iyakar lardin Derbyshire. Ƙaramin wuri ne. Abin da ido ke fara gani shi ne doguwar hasumiyar cocin St Mary, wadda a da mutanen ƙauyukan Chilwell da Toton ma can suke zuwa ibada da ɗaurin aure da binne mamatansu. Layin dogon da ya haɗa Nottingham da Derby, wanda aka buɗe a 1839, ta nan ya ratsa. A bayan cocin akwai jerin tafkuna, tsofaffin ramukan haƙar tsakuwa ne da ruwa ya cika, aka mayar da su gandun tsuntsaye. David Attenborough ne ya buɗe gandun a 1966.

Yanzu ga ƙa'idar da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ba a cikin ƙauye ake kiran mutum da sunan ƙauyensa ba, tunda kowa a wurin ɗan ƙauyen ne. Sai ya fita, ya sauka a wani gari inda ake da masu sunansa uku ko huɗu, sannan a ce John na Attenborough don a bambance shi. Mu nan ba baƙin wannan abu ba ne. Yaran da aka kai makarantun boko a zamanin Turawa da sunayen garuruwansu aka rubuta su, haka muka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Namu ya faru a gaban kakanninmu, nasu kuwa tun ƙarni na 13 da na 14.

Ƙauyen kansa ya ba mu shaidar wannan ƙa'ida. Mutumin da ya fi shahara cikin waɗanda aka haifa a Attenborough shi ne Henry Ireton, haihuwar 1611, babban kwamanda a yaƙin basasar Ingila, surukin Oliver Cromwell, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar hukuncin kisan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. A Attenborough aka haife shi, amma Ireton yake amsawa, sunan wani wuri a Derbyshire inda kakanninsa suka fito. Sunan wuri ba ya gaya maka inda aka haifi mutum. Yana gaya maka inda wani kakansa ya baro ne.

Waɗanda suka rubuta talakawa

Ta yaya ake sanin yawan masu suna a zamanin da ya shuɗe? Mutum uku ne suka bar mana amsa: mai karɓar haraji, limamin coci, da malamin ƙidaya.

Mai karɓar haraji ne ya fara. A 1377 aka ɗora harajin kai, kwabo huɗu a kan duk wanda ya wuce shekara 14, aka sake a 1379 da 1381. Na ƙarshen ne ya tayar da boren manoma da Wat Tyler ya jagoranta. Takardun da suka tsira daga wannan haraji suna ɗauke da sunayen talakawa ƙauye bayan ƙauye, daidai lokacin da sunayen gado ke kafuwa. Daga 1662 zuwa 1689 kuma aka karɓi harajin murhu, sule biyu a shekara a kan kowane murhun gida, kuma an rubuta sunayen masu gidajen.

Limamin coci ya shigo a 1538, lokacin da Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Daga nan ne ake iya bin iyali uba bayan uba. A ranar 1 ga Yuli, 1837 gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, Sikotilan ta biyo baya a 1855.

Malamin ƙidaya ya zo daga ƙarshe. An fara ƙidayar jama'a a 1801, amma sai a 1841 aka fara rubuta sunan kowane mutum. Bari in kwatanta muku shafi guda na ƙidayar 1881, wadda aka yi a daren 3 ga Afrilu. Takarda ce mai layi-layi, rubutun hannu da tawada. A hagu sunan titi da lambar gida. Sai sunan maigida, ƙarƙashinsa matarsa, sai 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami, sai barori da 'yan haya. A gaban kowa an rubuta dangantakarsa da maigida, da ko yana da aure, da shekarunsa, da sana'arsa. A can dama kuma ga layin da ya fi kowanne daraja ga mai binciken suna: garin da aka haife shi. In ka ga an haifi uba a wani ƙauye, babban ɗa a ƙauyen gaba, auta kuma a cikin birni, ka karanta tafiyar gidan ta shekara ashirin a shafi ɗaya.

Akwai tarko a nan. Mutane da yawa a da ba su iya rubuta sunansu ba, abin da kunnen magatakarda ya ji shi yake rubutawa. Saboda haka za ka tarar da Attenborough, ka tarar da Attenborrow, ka tarar da Attenburrow, wani lokaci ma a cikin iyali guda. Wanda ya ƙirga rubutu ɗaya ya watsar da sauran, lissafinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Abin da taswira ta nuna

Wanda ya fara auna bazuwar sunaye da lissafi shi ne Henry Brougham Guppy, likitan sojan ruwa kuma masanin tsirrai. A littafinsa na 1890, Homes of Family Names in Great Britain, ya ɗauki kundayen adireshi na Kelly ya ƙirga manoma kawai, lardi bayan lardi, don a ganinsa manomi ne ya fi kowa zama inda ya gada. Bai tsaya ga jimilla ba. Ya auna mutum nawa ne ke da sunan a cikin kowane manoma 10,000. Wannan dabara har yau da ita ake aiki, kuma dalilinta a fili yake. Landan ta tara jama'a, kusan kowane suna za ka same shi a can. Abin tambaya shi ne a ina sunan ya fi kauri idan aka kwatanta da yawan mutanen wurin.

A shekarun 1980 da 1990 dubban 'yan sa-kai, tare da cocin Mormon, suka kwafe ƙidayar 1881 gaba ɗaya aka shigar da ita kwamfuta. Ingila da Wales a lokacin suna da mutane kusan miliyan 26. Tun daga nan kowane suna ana iya zana masa taswira. In aka zana ta Attenborough, kaurinta yana Nottinghamshire da maƙwabciyarta Derbyshire, wato daidai kewayen ƙauyen. Shekara fiye da 500 bayan sunan ya kafu, bayan annoba da yaƙin basasa da zuwan masana'antu da jirgin ƙasa, cibiyar ba ta gusa ba.

Me ya riƙe masu sunan a wurin? Abinci yana kusa da gida. A 1589 William Lee na Calverton, shi ma a Nottinghamshire, ya ƙirƙiro injin saƙa safa, sana'ar ta game ƙauyukan yankin. Daga baya Nottingham ta zama cibiyar saƙar leshi, garuruwa irin su Beeston da Long Eaton suka cika da masaƙu, kwarin kogin Erewash kuma ga ma'adinan kwal. Saurayin da ya bar gona ba sai ya yi nisa ba. A 1885 Ernst Ravenstein ya yi nazarin wannan ƙidaya ta 1881 ya fitar da ƙa'idojin ƙaura, ta farko a cikinsu ita ce mafi yawan masu ƙaura gajeriyar tafiya suke yi. Masanin tarihi David Hey ya ƙara da cewa mutanen Ingila suna yawan tashi daga ƙauye zuwa ƙauye, amma a cikin kewayen da kasuwanninsu suka shata, inda suka san mutane kuma aka san su.

Waɗanda suka yi nisa su ma akwai. A Landan ta ƙarni na 19 an san wani gidan Attenborough da sana'ar ba da rance a kan jingina da sayar da kayan zinariya, har suna da kanti a titin Fleet Street. Wasu kuma sun bi jiragen ruwa zuwa Amurka da Ostiraliya, kamar miliyoyin 'yan Birtaniya na wancan ƙarni. Gidan su David ma ya bi tsarin da muka faɗa. Mahaifinsu Frederick an haife shi a 1887 a Stapleford, 'yan mil kaɗan daga ƙauyen Attenborough. Karatu ne ya fitar da shi zuwa Cambridge, inda aka haifi Richard a 1923, sannan Landan, inda aka haifi David a 1926. Daga 1932 zuwa 1951 Frederick ya shugabanci Kwalejin Jami'a ta Leicester. Ɗaruruwan shekaru sunan yana kewaya 'yan mil, ilimi ya ɗauke shi ya yi nisa da shi a rayuwar mutum guda.

Dalilin da wani suna ke yawa, wani ya ƙare

A Ingila ta wajen 'ya'ya maza suna ke tafiya. Mutumin da bai haihu ba, ko wanda mata kawai ya haifa, reshensa na sunan ya tsaya a kansa. Annobar da ta shiga ƙasar a 1348 ta kashe tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabin jama'a, kuma ta zo ne sunaye suna jarirai, da yawansu gida ɗaya ne ke riƙe da su. Sunaye masu yawa da ake gani a takardun ƙarni na 13 ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A 1873 Francis Galton ya jefa tambaya ga masana lissafi: in an san yadda maza ke haifar 'ya'ya maza, sunaye nawa ne za su ƙare bayan zuriya kaza? Wani limamin coci, Henry William Watson, ya ɗauki tambayar, kuma lissafin da ya fito daga aikinsu har yau da sunansu ake kiransa. Abin da lissafin ke koyarwa shi ne hatsarin yana farko. Sunan da gida ɗaya ke riƙe da shi a kan siraɗi yake, zazzaɓi guda zai iya share shi. In ya tsallake zuriya biyar ko shida ya yi rassa, da wuya ya ƙare. Saboda haka yawan masu suna a yau ba ya nuna daraja ko ƙarfin kakansu. Yana nuna 'ya'ya maza nawa suka rayu har suka haihu a ƙarnonin farko.

Shaidar jini

Takarda tana kai mu ƙarni na 16, wani lokaci na 14, daga nan ta yanke. A nan kimiyya ta kawo gudummawa. A cikin ƙwayoyin halittar namiji akwai wadda ake kira Y, uba ke ba ɗansa ita kusan ba tare da canji ba. Hanyar da sunan gado ke bi ita take bi. A 2000 Farfesa Bryan Sykes na Oxford ya gwada maza masu sunansa, wanda ya fi kauri a yankin Huddersfield, ya tarar kusan rabinsu tsatsonsu ɗaya ne.

A 2009 Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester suka faɗaɗa aikin: maza 1,678, sunaye 40, kuma sun kauce wa ɗaukar dangi na kusa. Masu sunan Smith suka fito a warwatse, tamkar mutanen da aka tsinto a kan titi. Masu sunan Attenborough kuwa, kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka gwada tsatson uba guda suka haɗa. Ma'ana, mafi yawan masu wannan suna daga mutum ɗaya suka fito. Abin da taswira ta yi ishara da shi, jini ya tabbatar. Ragowar kuma akwai hanyoyi da dama da suna ke rabuwa da jini: maraya ya ɗauki sunan mariƙinsa, agola ya ɗauki sunan mijin uwarsa, yaro ya tashi da sunan gidan mahaifiyarsa, ko wani ya sauya suna don sharaɗin gado.

Waɗannan masu bincike sun ci karo da wani abin da ya shafe mu. A 2007 suka ba da rahoton wani suna mai ƙarancin masu shi daga Yorkshire, wanda suka sakaya da harafin R. Cikin maza 18 masu sunan, bakwai suna ɗauke da wani nau'in Y wanda aka sani a Afirka ta Yamma. Fararen fata ne, kuma takardunsu sun kai ƙarshen ƙarni na 18 a Yorkshire. Masu binciken suka kawo hanyoyi biyu da wannan kaka zai iya shigowa: zamanin Rumawa, lokacin da aka girke sojojin Arewacin Afirka a katangar Hadrian, ko zamanin cinikin bayi. Da sunan gama-gari ne, da wannan zare ya ɓace cikin dubban ɗaruruwa. Ƙarancin sunan ne ya sa aka gan shi.

Kammalawa

Jama'a, dole mu san iyakar abin da suna ke faɗa. Kowannenmu iyaye biyu gare shi, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas. In ka koma zuriya goma, guraben kakanninka 1,024 ne, kuma suna ta gurbi ɗaya tak ya biyo. Iyaye mata, waɗanda su ne rabin kowace zuriya, sunan bai ambace su ba ko sau ɗaya. Wanda ya san tarihin sunansa ya san zare ɗaya ne a cikin saƙa, bai kamata ya yi taƙama da shi kamar shi ne dukan asalinsa ba.

Duk da haka aikin ya cancanci a yi shi, kuma ana yi. Tun 1979 akwai ƙungiyar Guild of One-Name Studies, inda mutum ke ɗaukar suna guda ya tattara duk inda ya bayyana a duniya. A 2016 Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure suka fitar da ƙamus na Oxford na sunayen zuri'a a Birtaniya da Ireland, mai sunaye fiye da 45,000. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu ba don an adana takardun talakawa ba. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi, kuma wannan giɓi ba mai cike shi har abada.

Sarki yana da maroƙa da marubutan fada, ba a mance shi. Masaƙin safa na Beeston da mahaƙin kwal na kwarin Erewash ba su da kowa sai layi ɗaya a littafin coci da layi ɗaya a littafin ƙidaya. Daga waɗannan layuka ne aka gano yadda al'umma guda ta zauna, ta yi ƙaura, ta hayayyafa a tsawon ƙarnoni. Shawarata ga ɗaliban tarihi da ke wannan zaure ita ce, kada ku raina rajistar haraji ko ta makaranta ko ta kotu don babu sunan sarki a ciki. Ku karanta su, ku ƙirga, ku auna da yawan jama'a, kuma duk inda kuka tarar da irinsu suna lalacewa ku yi ƙoƙarin ceto su.